Gwamna Ya Watsa Jama'a, Ni Na Tara Su

Ummi, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ko kina sama ko kin riga kin sauka. Allah Ya tsare hanyarki, Ya tsare numfashinki, Ya kai ki Kano cikin aminci. Na cusa ta a aljihun jakarki na gefe, inda kike ajiye takardar gwajin korona, don na san nan dai sai kin buɗe. Ko da an bar mu mun raka ki filin jirgi, ba na jin bakina zai iya faɗin abin da ke ciki. Kin san ubanki. A gaban allo sai ɗalibai sun fara duba agogo, a gida kuwa in magana ta yi nauyi sai ya ce zai je ya yi alwala.

Bari in fara da abin da ya fi nauyi, kada in yi ta kewaye-kewaye har takarda ta ƙare. Shekara guda ke nan ba kya gaida Alhaji Sani, mai saye da aika kaya a Chow Kit, wanda tun kina ƙarama kike kira Kawu. Kin ɗauka shi ya jawo wa mamanki ciwon da ya kusa raba mu da ita. Ba shi da laifi, Ummi. Laifin nawa ne. Yanzu za ki kama aikin gwamnati, za a ba ki ofis da hatimi, mutane su yi layi a ƙofarki. Ba na so ki shiga wannan ofis kina riƙe da wanda bai yi miki komai ba, kina kuma ɗaukar ubanki a matsayin da bai kai ba.

Sai na biyo da ke ta kan Gwamna kafin ki gane girman abin da na yi. Na san kin yi tsaki. Sunansa ya ishe ku a gidan nan har kuka daina faɗa, kuka koma cewa "Baba da Gwamnansa". Saboda shi muka baro gida muka zo Kuala Lumpur, shekara shida ina rubutu a kansa, mamanki tana cewa da mutumin nan yana raye da tuni ta kai masa ƙarata. To ki yi haƙuri ki ƙara saurara sau ɗaya, don wannan karon ba lacca ba ce.

Har yau in na tuna rayuwarsa sai tsigar jikina ta tashi. Sahabi ne, Balarabe ɗan kasuwa, ya taka Sham, ya ƙetara teku, ya zauna gaban sarakuna yana magana a madadin mutanensa tun kafin ya musulunta. Ya shiga Musulunci a makare, amma kan ka ce me an ɗora shi a kan rundunar da ke ɗauke da waɗanda suka riga shi. A wata tafiya ya hana su hura wuta ga sanyi kamar ya kashe mutum, suka yi ta gunaguni, bai kula ba, don ba ya son abokan gaba su ga ƙarancinsu. Daga baya ya riƙe Masar, ya kafa birni inda ya kafa tantinsa, ya aika da hatsi ga mutanen da yunwa ta kama. An tuɓe shi, ya sauka, ya sake dawowa bayan shekaru. Allah Ya ƙara masa yarda.

Amma abin da ya kama ni tun ina saurayi shi ne abin da ya yi lokacin annoba. Masu tarihi sun ce cuta ta faɗa wa rundunar Musulmi a Sham, ta ɗauke shugabansu, ta ɗauke wanda ya gaje shi, sannan aka miƙa masa ragama. Ya tashi ya kwatanta musu annobar da wuta, ya umarce su su watse cikin duwatsu, kowa ya yi nesa da ɗan'uwansa. Wani dattijo mai daraja ya miƙe ya ƙaryata shi a gaban jama'a da kalmomi masu zafi. Gwamna bai rama ba, bai kuma janye umarnin ba. Mutane suka watse, cutar ta lafa. Ki duba fa, Ummi. Babu asibiti, babu madubin likita, babu wanda ya taɓa ganin ƙwayar cuta da idonsa. Mutum ya tsaya a tsakiyar kaburbura ya ce wa mutanen da ba su da abin jingina sai junansu su rabu. Babi guda na rubuta a kan wannan, kuma shi malamaina suka fi yabawa.

Sai ga annoba ta zo ta same ni a raye. Ke kina jami'arku can arewacin ƙasar nan, an hana ƙetara jiha, ba ki ga yadda garin nan ya koma ba. Daga barandarmu a hawa na sha huɗu ina kallon jirgin LRT yana wucewa tashar Wangsa Maju fayau, ba kowa ciki. Titin da ba ka iya tsallakawa sai da addu'a, kyanwa ce take kwance a tsakiyarsa. Gidan abincin mamak ɗin da ke ƙasa an kifa kujeru a kan tebura, sai dai ka yi tapau, a ƙulla maka abincinka ka wuce. Ladan zai yi kiran salla ya ce a yi salla a gida. Ranar da na fara jin haka na zauna a ƙasa na yi kuka, don ban taɓa ganin ikon Allah tsirara irin wannan ba. Kuma a lokacin ni ne shugaban ƙungiyar 'yan Arewa na wajen Setapak da kewaye. Da aka zaɓe ni, wasu har suna tsokanata wai Gwamna ya samu lardi.

Kulle ya ɗan sassauta, amma taro yana nan a hane, sai mahaifiyar Alhaji Sani ta rasu a Kano. Babu jirgi. Mutum yana zaune a ɗan ɗakinsa na Chow Kit, aka nuna masa makarar uwarsa a waya. Na rubuta a guruf ɗinmu cewa za a yi zaman makoki kwana uku a gidana, tunda ɗakinsa ba zai ɗauki mutane ba.

Madam Naomi ce ta fara amsawa. Kin san ta, 'yar Filato mai karatun digiri na uku a kan lafiyar al'umma, ita ce ma'ajiyar magungunanmu da shawarwarinmu duka. Ta rubuta: "Malam, please, kada ka tara mutane. Wannan abin ba wasa yake ba. A yi addu'a daga gida."

Raina ya ɓaci. Ba don maganar ba gaskiya ba ce. Don ta faɗa a gaban kowa ne, yara ɗalibai suna karantawa. Na kira ta na ce, "Madam, ke ba ki san nauyin ta'aziyya a wurinmu ba." Ta ce, "Malam, mu ma muna zaman makoki a Jos. Watan jiya aka binne babana, ina nan Setapak a kan kujera. Ban gaya wa kowa ba don kada ku zo." Kunya ta kama ni, amma maimakon in sauko sai na ƙara hawa. Na yi mata ta'aziyya a gurguje na kashe waya.

Kuskurena na farko ke nan. An zagi Gwamna a bainar jama'a, ya bar zagin ya wuce ya riƙe abin da zai ceci rai. Ni gaskiya aka gaya mini cikin ladabi, har da please, na tsaya ina lissafin wa ya gani. Ummi, a ofis za a gyara miki magana a gaban na ƙasa da ke. Wani lokaci mai gyaran ba addininku ɗaya ba, wani lokaci masinja ne. Idan kin ji zafi ya taso miki, ki sha ruwa, ki tambayi kanki abu ɗaya: abin da ya faɗa haka yake ko ba haka ba? Wurin da ya faɗa da yadda ya faɗa, ki bar su sai an gama aiki.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Da yammar ranar Alhaji Sani da kansa ya kira ni, muryarsa a dishe. Ya ce, "Malam, don Allah a bari. Hajiya ta riga ta tafi, addu'a daga ko'ina tana isa. Kada a jawo wa mutane wahala saboda ni." Na ce masa, "Haba Alhaji, a ce uwarka ta rasu a lokacin shugabancina ba a zauna ba? Me za a ce a gida?" Ki ji fa kalmar da na yi amfani da ita, lokacin shugabancina. Ya ce, "To, Malam, yadda ka gani." Mutum ne da bai taɓa yi mini musu ba.

Aka zo. Ni na tsara yadda za a shigo, bibbiyu, kowa da leda a hannu kamar mai kawo abinci. Maigadin ƙasa ya tare rukunin farko ya ce, "Tak boleh lah, Encik," wato ba dama. Na sauka da kaina na lallashe shi, na ce 'yan'uwa ne, ba za su daɗe ba. Bawan Allah ya ga furfurata ya buɗe. Muka rufe tagogi don kada maƙwabta su ji, muka kunna esi. Da farko kowa da takunkumi, ana gaisawa daga nesa. Amma wa ya taɓa yin ta'aziyya daga nesa? Wani ya miƙa hannu, Alhaji ya karɓa, shi ke nan. Aka kawo shayi, takunkumi ya koma haɓa. Aka ci tuwo a faranti ɗaya. Mamanki tana kicin da mata tun safe har la'asar, kwana uku. Ranar addu'ar uku falon ya cika har ƙofar banɗaki, ni kuwa ina tsakiya zuciyata fari tas, ina jin na yi abin da ake kira shugabanci. Littafina yana kan kanta a bayan ƙeyata, da babin nan a ciki.

Wannan shi ne na biyu, kuma shi ya fi ba ni mamaki in na tuna. Na san labarin fiye da kowa a garin nan. Na koyar da shi, na ci jarrabawa da shi, an kira ni Dakta saboda shi. Amma ban taɓa tsayawa na ji abin da mutumin ya ji ba a ranar. Ashe ba dabarar ce abin mamaki ba, kowa zai iya lura cewa cunkoso yana yaɗa cuta. Abin mamaki shi ne ya yarda a ga baƙinsa. Mu 'yan Arewa mun fi tsoron a ce ba mu da zumunci fiye da tsoron mutuwa, kuma a baƙon wuri abin ya fi tsanani, don junanmu kaɗai gare mu. Za ki tarar da irin wannan, Ummi. Dangi za su zo, ƙawayen mamanki za su zo, za a ce ai 'yar Malam ce, ba za ta ƙi mu ba. Ranar da abin da zai faranta musu ya saɓa da abin da zai tsare su, ki tsare su. Za su yi fushi, wasu har su daina zuwa sunan 'ya'yanki. Ki bar su su yi fushin suna raye.

Bayan mako guda tari ya fara. Sauran kin san wani ɓangare. Kin san ranar da masu fararen kaya suka hau da gadon ɗaukar marar lafiya suka sauka da mamanki, ina tsaye a bakin lifta an hana ni bi. Kin san kwana goma sha tara da ta yi da robar iska a hanci. Kin san har yanzu in ta hau matakalar tashar jirgi sai ta tsaya sau biyu. Kuma kin san Malam Isa, ɗalibin nan mai fara'a da ya ja addu'a ranar ukun, ya rasu ya bar mata da yara biyu. Ba mu wanke shi ba, ba mu ɗauke shi ba. Waɗansu bayin Allah 'yan ƙasar nan da ba su taɓa jin sunansa ba, sanye da kayan roba cikin zafin rana, su suka yi masa salla suka rufe shi, mu muna kallo a waya. Allah Ya jiƙansa, Ya saka musu da alheri. Babu wanda ya zauna makokinsa ko na awa ɗaya.

Sai magana ta fara yawo, wai Alhaji Sani ne ya nace sai an tara masa mutane. Ban san wanda ya fara ta ba. Na san dai wanda ya ji ta ya kame bakinsa. Ke kanki da aka buɗe hanya kika dawo, kika ce mini, "Baba, wallahi I can't even look at that man. Ya kusa kashe mana Mama." Na ce miki a yi haƙuri, ƙaddara ce. Na ga ranar salla da ya kawo miki yadi kika ajiye a ƙofa. Na ga ɗalibai sun daina ba shi saƙo in zai aika kaya gida. Na ga yadda sahu yake buɗewa a kusa da shi fiye da yadda doka ta ce. Na yi kunnen uwar shegu, ina karɓar gaisuwar Malam shugaba.

Kuskure na uku ke nan, kuma ya fi biyun muni, don su cikin kwana uku na yi su, shi kuwa kullum sai na tashi na sabunta shi. An ruwaito cewa da ajalin Gwamna ya zo, ya juya fuskarsa bango yana kuka, ɗansa yana tuna masa alheran da ya yi. Mutumin da ya riƙe ƙasa sukutum bai tsaya a kan yabon ba. Ya shiga ba ɗan nasa labarin rayuwarsa kashi-kashi, har da zamanin da ya yi yana gaba da gaskiya, bai rage ba. Shekara da shekaru ina karanta wurin nan ina cewa kai, jarumi. Ban san jarumtar ta kai haka ba sai da na zauna zan rubuto miki. Sau huɗu ina yaga takarda.

Shekaranjiya na gaya wa mamanki. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ai na ji ka a waya ranar, ina bakin kicin. Jira nake ka faɗa da bakinka." Sai ta ce in miƙo mata tire.

Jiya na hau jirgi na tafi Chow Kit. Na same shi a lungun bayan kasuwar kifi yana ɗaure kwali shi kaɗai. Na ce, "Alhaji, na zo neman gafara. Me ya hana ka gaya wa mutane ni na nace?" Ya goge hannu a riga ya ce, "Malam, in sun ƙi ni, mutum ɗaya suka ƙi. In suka ƙi ka a wancan lokacin, wa zai tsaya a kan iyalin Malam Isa? Wa zai je asibiti ya yi magana da Turanci? Sai na ce bari in riƙe, ai ba nauyi." Ya kawo mini kujera, ya ce sai na yi makan, wato in ci abinci, kafin in tafi. Ummi, ban iya cin ko loma ba. Na ƙare ƙuruciyata ina neman irin waɗannan mutane a cikin tsofaffin littattafai, ashe ɗaya yana Chow Kit yana ɗaure kwali, wata tana Setapak ta yi makokin ubanta ita kaɗai don kada mu mutu.

Ranar Juma'a zan rubuta wa ƙungiya komai, a guruf ɗin da na yi sanarwar, in kuma sauka daga kujerar. Matar Malam Isa zan kira ta kafin nan, don bai kamata ta ji a bakin wani ba. Ban san abin da za ta ce ba, kuma duk abin da ta ce tana da gaskiya. Ke kuwa, idan kika yi kuskure a aiki, kuma za ki yi, ki faɗe shi a ranar tun yana ɗanye. Musamman in kin ga ana shirin ɗora wa wani na ƙasa da ke, wanda ba shi da bakin kare kansa. Kada ki ce gobe. Ni gobe na ce, har ta zama shekara.

Abu ɗaya nake roƙonki. Lambar Kawunki tana nan a wayarki, na san ba ki goge ba. Ki kira shi. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki gaishe shi kawai yadda kika saba. Jiya sau biyu yana tambayata ko kin samu jakar da za ta ɗauke miki littattafai.

Allah Ya yi miki albarka, uwata. Allah Ya tsare ki daga annoba, Ya tsare ki daga yabon mutane, Ya haɗa ki da masu gaya miki gaskiya, Ya ba ki kunnen jin ta. Ki sa takunkuminki ko da na kusa da ke ya cire. Ki cika kwanakin killacewa kafin ki shiga dangi, ko kakarki ta yi fushi. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya sa ki fara aiki a sa'a.

In kin sauka kika ga ba za ki iya jin muryata ba tukuna, ba zan ga laifinki ba. Ki kira mamanki dai ta san kin isa. Ina kusa da ita, zan ji.

Wassalam.

Mahaifinki.